Zauren gidanmu na Sabon Zongo: a fasa a yi shaguna ko a bar shi?

Jikan Mai Goro:

Assalamu alaikum. Wata magana ce ta hana ni barci tun bayan Babbar Sallah, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya san kan tsofaffin gidajen zongo.

Gidanmu yana Sabon Zongo, nan Ankara. 'Yan'uwa na Najeriya da Nijar, ba ta Turkiyya ba, Accra nake nufi. Haka kakanninmu suka kira ta, haka muke kiranta har gobe. Kakanmu na wajen uba ne ya gina gidan da kuɗin goro. A ciki aka haifi babana, Allah ya jiƙansa, kuma yana yaro aka yi girgizar ƙasar nan ta 1939. Tsagewar da ke kusurwar zaurenmu tun daga wannan daren take, shi ya nuna mini ita da sandarsa.

Ga yadda gidan yake. Daga titi za ka taka dakali ka shiga zaure. Ƙofar da za ta fitar da kai daga zauren ba ta kallon wadda ka shigo, tana can gefe, don haka mai wucewa ko ya leƙa ba abin da zai gani sai bango. Bayan zaure akwai ɗan fili da ɗakuna biyu a hannun dama, bayansu na kallon titi. Nan samarin gida da baƙin kaka suke kwana, fataken da suka sauko daga Kumashi da arewa. Sai shigifa, sai tsakar gida, ɗakuna 14 sun kewaye ta. Bangon zauren na ƙasa ne, kaurinsa ya fi kamu guda, da hannuna na auna. Da tsakar rana, lokacin da ɗakunan bulo na baya suka zama tanda, zauren nan sanyi kamar cikin randa. Akwai alkuki biyu a jikin bango, har yanzu da baƙin hayaƙin fitila a samansu. A nan aka raɗa mini suna, a nan na sha bulalar karatun allo, a nan aka ɗaura auren ƙannena mata huɗu.

To yanzu kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ta cika ta batse, ta fara malalowa cikin unguwa. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce a ba shi fuskar gidan: zai rushe zaure, ya gina shaguna uku da kuɗinsa, ya biya hayar shekara biyu a dunƙule, ya bar mana siririn lungu na shiga. Mu magada mun haura 30 in an haɗa da waɗanda ke Jamus da Amurka, kuma mafi yawa sun ce a karɓa. Ban ga laifinsu ba. Gindin bango yana zaizayewa, kwano yana yoyo, filastar simintin da aka yi shekarun baya tana ɓanɓarewa kamar ɓawon rogo. Kowa bakinsa gidan gado, gidan gado, amma ranar da aka ce a kawo kuɗin gyara sai wayar kowa ta mutu.

Cikin 'ya'yan kaka maza, Baffa kaɗai ya rage. Shi ke zama a zauren daga hantsi har la'asar, kuma ya ƙi cewa uffan.

Abin da nake son sani, shin wannan tsari na zaure da shigifa asalin unguwar ne, ko kakanmu ne kawai ya kwaikwayo na garinsu? Domin wani ɗan baffana ya ce da ni a gaban jama'a wai ina tarihi a ginin laka da kwano, tarihi yana James Town inda akwai ganuwar Turawa da hasumiyar jiragen ruwa. Maganar ta soke ni, na rasa amsa. Sannan maginan da ke nan, bangon ƙasa da gindinsa ya fara ci yana gyaruwa, ko kuɗi za mu zuba a rijiya?

Tsohon Tudu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya wa ɗan'uwan naka hasumiyar da yake taƙama da ita, wadda ke tsaye yanzu, a shekarun 1930 aka gina ta. Lokacin Sabon Zongo ta riga ta aurar da 'ya'ya.

Sunan ma ya gaya maka akwai tsoho. Tsohon zangon yana tsakiyar gari, inda ake kira Zongo Lane, kusa da Makola da Okaishie; dattawa suna ce masa Zangon Malam. Malamin shi ne Malam Nenu, mutumin Katsina, wanda ya sauka cikin Ankarawa, wato ƙabilar Ga 'yan asalin garin, a ƙarni na 19. Wurin ya cika ne ta hanya biyu. Akwai sojojin da Glover, wani hafsan Turawan Ingila, ya kwaso daga Legas don yaƙin Tonawa (Asante) na 1873 zuwa 1874, waɗanda Turawa suka yi wa kuɗin goro suna kiransu Hausawa duka, alhali ba duka ne Hausawan ba. Sai kuma goron kansa. Turawa sun maido babban birni daga Cape Coast zuwa nan a 1877, Salaga, babbar kasuwar goro ta arewa, ta watse da yaƙin basasar 1892, sai hanyar goro ta karkato bakin teku. Maimakon ayarin jakuna ya yi watanni daga Gwanja zuwa Kano, sai a loda a jirgin ruwa zuwa Legas. Wanda ya san goro ya san ba ya son daɗewa a hanya. Irin su kakanka wannan ce ta kawo su.

Wuri ya yi ƙunci. Ga saɓani tsakanin Hausawa da Yarabawa kan limanci da masallaci, har Turawa suka ɗauki Cif Braimah, Bayarabe mai arzikin goro da fawa, a matsayin shugaban Musulmin gari, abin da bai yi wa namu daɗi ba. Ga annobar 1908 da ta sa hukuma ta matsa wa tsakiyar gari da rusau da dokokin tsabta. Sai Malam Baƙo, ɗan Malam Nenu, ya nemi fili wajen sarakunan Ankarawa na James Town, can hayin tafkin Korle, wurin da daji ne a lokacin. Wajen 1912 ya tashi da jama'arsa. Asibitin Korle Bu da ke maƙwabtaka da ku sai 1923 aka buɗe shi, ku kuka riga shi zuwa.

Nan ne bambancinku da unguwar Nima. Nima ta taso daga baya, farkon shekarun 1930, daga wurin da Malam Amadu Futa yake tsare shanu, kowa ya zo ya kafa inda ya samu, shi ya sa har yau akwai lungunan da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Sabon Zongo kuwa mutum ɗaya ne ya yanka filaye ya raba wa dangi da almajirai da abokan fatauci, ya kafa fadarsa da masallaci, har makafi suka sami unguwarsu da sarkinsu kamar yadda ake yi a biranen arewa.

Kuma wanda aka ba fili gidan maigida yake ginawa. Ku yaran yanzu kun ɗauka maigida mai karɓar haya ne. A fataucin goro maigida shi ne mai masauki: baƙo ya sauka a wurinsa, ya ajiye kaya, ya ci tuwonsa, maigida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya karɓi la'ada. Duk a zaure ake wannan, iyali na ciki ba wanda ya gan su. Ɗakuna biyun nan da ka ambata su ne masaukin, zauren kuma shi ne wurin ciniki da sulhu da karatu. Su Ankarawa a al'adarsu maza gidansu daban, mata gidansu daban. Mu muka haɗa kowa cikin katanga ɗaya muka raba da ƙofofi. To ka ga ba kakanka kaɗai ba ne, unguwar ce aka ɗora a kan haka.

Abin da bai biyo mu daga arewa ba shi ne rufin soro. Ruwan saman nan ba zai bar shi ba, sai aka ɗora kwano.

Ni da idona na ga abin da ya biyo bayan dokar korar baƙi ta zamanin firayim minista Busia, ƙarshen 1969. Mako biyu aka ba mutane. Gidaje da yawa masu su suka tafi, aka sayar da arha ko aka bar wa 'yan haya, daga nan zaure ya fara komawa ɗakin kwana, a liƙa masa labule a sa masa kwaɗo. Naku da ya tsallake wannan, ba zan so a ce kayan mota ne suka cinye shi ba. Amma ni ba magaji ba ne, kuma ba a kaina kwanon ke yoyo ba.

Birkilan Sukura:

Baba Tsohon Tudu, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru ƙwarai. Amma maganar ruwa a yi mini afuwa. Ankara ba ta fi Kano ruwan sama da wani abin kirki ba, yankinta ne ma mafi ƙarancin ruwa a gaɓar Gana. Wanda ke son ganin ruwa ya je Axim. Abin da ke kashe ginin ƙasa a nan laima ce: iskar teku mai gishiri, damina biyu a shekara, ga ƙasar wajen Korle ruwa na kusa. Soro yana son dogon rani ya bushe sosai a sake yaɓe shi. Kwano kuma ga shi jirgi na saukewa a bakin ruwa, wa zai wahalar da kansa?

Yaya Jikan Mai Goro, irin bangon nan na taɓa shi ba ɗaya ba ba biyu ba. Waɗanda na fasa ba tubali ba ne irin na Kano. Curin laka ake ɗorawa sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba, ginin da ake kira atakpame a ƙasar nan.

Ciwon bangonku filastar simintin nan ce. Ginin ƙasa yana shan laima yana fitarwa. Da aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ke hawowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya tsaya a ciki yana jiƙa gindi, gishiri na ci. Ka ɗauki mabuɗi ka bi kana ƙwanƙwasawa; inda ka ji yana amsawa kamar ganga, to ya riga ya rabu da bango. Sannan ka duba titi. Duk gyaran hanya da kwata da aka yi, ƙasar waje na ƙara tudu. Zauren da a da hawa ake yi, yanzu a wasu gidajen sauka ake yi, kuma su ne suka sha ruwa daren 3 ga Yuni 2015.

Gyara daga sama yake farawa. A canza kwano, a tsawaita bakinsa ya fito kamar taku biyu don ruwa ya daina dukan bango. A ɓanɓare simintin daga ƙasa zuwa ƙugu, a bar wurin ya bushe cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, a cike ramukan da irin ƙasarsa, a shafe da farar ƙasa da yashi. A haƙa masa 'yar kwata ta janye ruwa daga gindi. Tsagewar da ta haura shekara 80 tana nan inda take ba ita ce abin tsoro ba. Ka shafa mata siririn filasta a gicciye, in damina ta wuce bai tsage ba, ka manta da ita. Abu ɗaya ne ba zan yarda ba, a zuba kankare a kan bangon ƙasa. Duk wanda ya ce zai ɗora maka bene a kai, ka raka shi ƙofa.

Amma me ya sa lallai sai zaure? Ka ce ɗakunan baƙi biyu bayansu na kallon titi. A fasa musu ƙofa ta waje, a tallafe saman da kyau, a toshe ta ciki, ga shaguna biyu. Ɗan kasuwa uku yake so, to ai ba gidan ubansa ba ne. Kuma ko me za ku yi, ku rubuta a gaban lauya: shekara nawa, ginin na wa in wa'adi ya cika. Na san gidan da aka ba da fuska haka da baki kawai, yau 'ya'yan ɗan kasuwar ke karɓar haya, masu gida na shiga ta bayan kwata.

Tsohon Tudu:

Birkila, mai sana'a ya fi mai labari. Na janye maganar ruwa.

Ɗan Aboabo:

Mu nan Kumashi mun riga mun wuce wurin. Gidan kakanmu mun rushe shi mun ɗora bene, shaguna a ƙasa, iyali a sama, duk wata kowa na jin ƙarar saƙon kuɗi a waya, rigimar gyara ta ƙare. Ban yi nadama ba. Abin da kawai zan gaya maka, tun da aka hau da tsohuwarmu sama ba ta sauko ba sai ranar asibiti, kuma ƙawayenta da ke leƙowa kullum da yamma gwiwoyinsu ba sa iya matakalar.

'Yar Tsakar Gida:

Salamu alaikum. Duk waɗanda suka yi magana maza ne, kuma duk a zaure suka tsaya kamar yadda aka saba. Bari in shigar da ku ciki.

A irin gidan nan na tashi, ba nisa da babban masallacin Abossey Okai, a irinsa kuma na yi aure. Zauren da kuke yabo mu hanya ce kawai, hanyar da sai ka cire takalmi ka durƙusa ka gaida mutum shida kafin ka je sayen gishiri. Kakata ta yi shekara 40 tana koko da ƙosai da masa, ba ta taɓa ganin fuskar masu sayenta ba, mu ne 'yan talla. Kwanon da aka rufa ɗakuna uku na baya daga kaskonta ya fito, amma gida har yau sunan mijinta yake amsawa.

Yau kullen nan babu shi. Tsakar gidan da aka yi don matan mutum ɗaya, yanzu akwai Dagombawa da Kotokoli da Zabarmawa da Ankarawa, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki, kowa ya kafa katako ya ciri yanki ya yi madafa ko falo, har filin da muke daka da shanya ya koma kamar tabarma biyu. Yaya Jikan Mai Goro, tsakaninka da Allah, bayan gida nawa ne a gidanku? Mutum nawa ke kwana a ɗakuna 14 ɗin nan? In amsar ita ce wadda nake zato, to gwaggwanninka da 'yan haya suna bin layin bayan gida na kuɗi tun asuba da buta a hannu, yara na jidon ruwa a jarkar nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor, sunan tsohon shugaban ƙasa, kai kana can kana shafa alkuki.

Ban ce a rushe ba. Ranar da maigidana ya rasu na san amfanin zaure: maza suka zauna can kwana uku, mu muka samu muka yi kukanmu a ciki ba idon kowa. Inda aka sayar da zaure, rumfa ake hayowa a tare titi, a biya kuɗin kujeru, masu mota na zagi. Amma in shagunan da Birkila ya faɗa za su kawo kuɗi, kada ku raba wa mutum 30 kowa ya tashi da na katin waya. Ku fara da bayan gida da famfo, sannan bango. Kuma taron magadan da kuka yi, an kira matan? Rabin rabon namiji ma ai rabo ne.

Jikan Mai Goro:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Tsohon Tudu, na tura wa ɗan baffan nawa maganar hasumiya, ya karanta bai amsa ba.

Hajiya, kin kama ni. Bayan gida ɗaya ne. Daren jiya na ƙirga mutum 41 har da yara, kuma gaskiya ba a kira gwaggwannina taron farko ba. Na je na same su. Babbar ta ce tun tana 'yar shekara bakwai ita ke zuba wa fitilar alkukin hagu mai kullum magariba, amma ba ta taɓa zama a zauren ba ko sau ɗaya. Ta ce ita famfo take so.

Birkila, na bi da mabuɗi. Ganga ce daga ƙasa har gwiwa, sama kuwa lafiya lau.

Bayan la'asar na zauna da Baffa, na shimfiɗa masa zanen da ɗan kasuwar ya kawo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan lungun da aka bar mana ya ce faɗinsa nawa. Na ce taku uku. Ya ce akwai kwana a ciki? Na ce akwai guda, wajen shigifa. Sai ya ce, "To ta ina makara za ta juya?" Ya ce ubansa da matan ubansa da yayyensa duka, har da babana, a tsakiyar zauren nan aka juya da su aka fita, kuma shi bai ga dalilin da za a tsallakar da shi ta katanga ba. Na aiki yara masallaci suka auno makarar da igiya. Ba za ta juya ba.

Na sa maganar a WhatsApp ɗin dangi. Biyu daga na Jamus sun yi shiru, ɗaya ya ce to a faɗaɗa lungun a rage shago guda. Ɗan kasuwar kuma da na yi masa zancen ɗakunan baƙi ya ce sun yi masa ƙanana, zai yi shawara. An sa taro Lahadi bayan azahar, da mata wannan karon.

Birkila, in kana da sarari ranar Asabar ka zo da abin awonka ka duba mana ɗakunan nan biyu, ka faɗi kuɗin kwano da na bayan gida biyu, in sami abin riƙewa a hannu kafin taro. Zan turo maka kwatance ta saƙo. Ka zo da wuri, koko da ƙosai a wuyana.